Wardi a Tsakar Gida: Martani Ga Mai Cewa Ɓarnar Ruwa Ne

Wani marubuci ya yi rubutu a kwanan baya yana jan kunnen masu ƙananan gidaje a biranenmu cewa su daina wahalar da kansu da shuka wardi. A ganinsa furen ƙasashen sanyi ne, ba ya jure ranarmu, yana shanye ruwan da mutanen gida suka saya a hannun 'yan garuwa, ba ya rayuwa sai da feshin magani, kuma bayan duk wannan ɗawainiya ko ƙanshin kirki ba ya yi. Ya rufe da cewa wanda Allah ya hore wa ɗan fili a tsakar gida, zogale da tattasai ne suka fi cancanta da filin. Na yarda malamin da kyakkyawar niyya ya yi maganarsa, kuma wanda ya san kuɗin jarkar ruwa a watan Afrilu ba zai raina ta ba. Sai dai ya yi wa wardi kuɗin goro. Abin da ya siffanta iri ɗaya ne daga cikin dubban ire-ire, kuma shi ne wanda ya fi kowanne rashin dacewa da gida. Akwai wani wardin, gajere, mai cunkoson rassa, mai ƙanshi, wanda ɗan ƙaramin gida mai katanga ya fi faffaɗar gona dacewa da shi. A kansa nake so mu yi magana.

Wardin da malamin ya sani shi ne na ɗauri, wanda ake miƙa wa amarya ko a jera a teburin taro: kara ɗaya dogo, fure ɗaya a kansa, a dunƙule kamar an sassaƙa. Tarihin wannan dangi yakan fara ne daga wani iri mai suna La France, wanda Guillot ya fitar a birnin Liyon na Faransa a 1867. Daga nan masu haɗa iri suka shafe fiye da shekara ɗari suna zaɓen abin da kasuwa ke so, wato tsawon kara, ƙarfin launi, da furen da zai yi kwanaki a cikin kwali bai yi yaushi ba. Wanda ake gani a manyan shaguna yau ana noma shi ne a rumfunan leda a wurare irin su gaɓar tafkin Naibasha a Kenya, mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku, da yankin Ziwai a Habasha, sai a sanyaya shi a ɗora a jirgin sama zuwa kasuwar gwanjon furanni ta Holan. Idan aka jera dubban shuke-shuke iri ɗaya a ƙarƙashin leda, cikin laima, dole cuta ta samu wurin zama, dole kuma a yi feshi. Ƙanshi kuwa ba a nemo shi ba, don haka ya zube a hanya. A 2015 wasu masana a Faransa suka wallafa bincike a mujallar Science, inda suka kwatanta wardi biyu na gida ɗaya, Papa Meilland mai ƙanshi sosai da Rouge Meilland da kusan babu komai a cikinsa. Suka gano cewa wani sinadari mai suna RhNUDX1, wanda ke taimakawa wajen samar da man ƙanshin, yana aiki sosai a furen na farko, a na biyu kuwa kusan a kwance yake. Wannan ya nuna ƙanshi gado ne da wani iri yake da shi wani ba shi da shi. Wanda ya shinshina furen shago bai ji komai ba, ya yanke wa wannan irin hukunci ne kawai.

Wardin da nake karewa wani abu ne daban tun daga gindinsa. Ba ya miƙe da kara ɗaya. Rassa biyar ko shida ne ke fitowa daga ƙasa, su buɗe su yi dunƙule, tsayinsu ya kai ƙugu ko ya ɗan wuce, faɗinsu kamar na faranti babba na cin tuwon gida. Sabon toho yakan fito ja-ja kafin ya koma kore. Furannin suna zuwa gungu-gungu a ƙarshen reshe, uku ko biyar, wani ya buɗe yau wani gobe, ganyayyakinsu sirara masu taushi, a cushe ba tare da tsari ba. Idan ka tallabi ɗaya da sassafe kafin rana ta ɗaga, za ka ji nauyin raɓa a tafin hannunka, ƙanshin kuma ya bi yatsunka har bayan ka sake shi. Kwana biyu ko uku furen ya zube, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ɗan kasuwar jirgi ba ya son sa. Amma mai gida ba kwali zai sa shi ba. Ya tsinke wanda ya bushe, bayan sati biyar zuwa bakwai reshen ya sake kawo wani.

Babbar hujjar malamin ita ce zafi, kuma a nan ne shaida ta fi yi masa yawa. Cikin ƙasashen da suka fi amfani da wardi mai ƙanshi a rayuwar yau da kullum akwai Indiya da Pakistan, inda zafin Mayu da Yuni ke wuce digiri 40 a filayen Panjab da Rajastan. Garin Pushkar da kewayen Ajmer, a bakin hamada, sun yi suna da noman wardi don ruwan wardi da kuma gulkand, wato ganyen fure da aka jiƙa da sukari. Ire-iren da suka riƙe waɗannan ƙasashe sanannu ne. Akwai wardin Edward, wanda aka gano a tsibirin Buban, Reyuniyon ta yanzu, wajen 1817, daga haɗuwar wani wardin Sin da wardin Dimashƙa mai fure da kaka. Akwai kuma Gruss an Teplitz, ja wur mai ƙanshi, wanda Rudolf Geschwind ya haɗa a daular Ostiriya da Hangari aka fitar da shi kasuwa a 1897, yanzu kuma manoman Pakistan suke kiransa Surkha suna cika kwanduna da shi kowace safiya. Sirrin waɗannan shi ne jinin wardin Sin da ke jikinsu. Wardin Sin, wanda ya isa Turai a ƙarshen ƙarni na 18, daga yankuna masu ɗumi ya fito, ba ya jiran sanyin ƙanƙara ya tashe shi, kuma yana maimaita fure muddin ya samu ruwa.

Idan malamin ya ce waɗannan manoma ne masu rijiyoyin burtsatse, to ga wata shaidar da aka tsara musamman don amsa irin tambayarsa. Tun shekarun 1990 sashen wayar da kan manoma na jami'ar Texas A&M a Amurka, jihar da aka sani da zafi da fari da ƙasa mai tauri, ya ɗauki ire-iren wardi ya dasa a fili, ya bar su shekaru ba feshin ƙwari, ba feshin cuta, ba takin zamani, da ɗan ban ruwa kaɗan bayan sun kama, sai dai a rufe gindinsu da ɓawon itace. Waɗanda suka tsira suna fure aka ba su lambar Earth-Kind. Abin lura shi ne da yawa cikinsu tsofaffin iri ne: Duchesse de Brabant ta 1857 mai ƙanshi sosai, Ducher fara ta 1869, Cécile Brünner ta 1881, da Perle d'Or ta 1884. Akwai kuma wata sabuwa, Marie Daly, wadda tsayinta bai fi mita ɗaya ba kuma kusan babu ƙaya a jikinta. Tsofaffin nan duka sun girmi magungunan feshin zamani da ake cewa wardi ba ya rayuwa sai da su.

Akwai inda malamin yake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba, domin ɓoyewar ce ke sa mutum ya yi asara ya tsani furen gaba ɗaya. Wardin Ɗa'ifa, wanda alhazanmu ke kawo turarensa, ba zai yi a Sakkwato ko Maiduguri ba. Ɗa'ifa tana kan duwatsu ne, kusan mita 1,800 daga teku, wardinta dangin na Dimashƙa ne, sau ɗaya yake fure a shekara wajen Maris da Afrilu, yana buƙatar sanyi kafin nan, kuma yana girma ya wuce abin da ƙaramin gida zai ɗauka. Haka kuma wardin Ingila da David Austin ya fara fitarwa a 1961, ya ci gaba da haɗawa har rasuwarsa a 2018, don yanayin Ingila aka zaɓe su. Aikinsa abin yabo ne, domin shi ya dawo da ƙanshin tsohon wardi cikin shuka mai maimaita fure, amma wanda ya kashe kuɗi ya yo odarsu zuwa Kano sa'a yake gwadawa. A Jos ko Mambila maganar ta bambanta. Sannan ko irin da ya fi kowanne juriya, a tsakiyar bazara furensa zai ƙanƙance, launinsa ya kwashe, ƙanshinsa ya ragu, domin man ƙanshin yana tashi da zafi. Shi ya sa a Ɗa'ifa da Bulgeriya ake tsinkar fure tun da asuba. Amma shekara ba Afrilu ba ce kaɗai. Wardi ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 28, kuma a Disamba da Janairu daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Lokacin da ciyawa ta bushe gari ya yi fari da ƙura, lokacin ne wardi ke kan ganiyarsa. Masu lambu a arewacin Indiya sun daɗe da gane haka: su yi wa shukar aski wajen Oktoba, su ba ta taki, ta yi fure da sanyi, da bazara kuma su bar ta ta huta, ba aski, ba taki, sai ruwa. Wannan jadawalin ya yi daidai da namu.

Yanzu ga inda na fi saɓawa da malamin. Ya ɗauki ƙanƙantar gida a matsayin cikas, alhali ita ce gatan wannan shuka. A ƙasa mai zafi wardi yana son hantsi, awa biyar ko shida, sannan ya tsira daga ranar azahar zuwa la'asar. Mai gona sai ya kafa rumfa kafin ya samu haka. Mai ƙaramin gida kuwa katangarsa ta gama masa aikin: ya sa shukar a gabashin bango, ta sha ranar safe, da rana ta karkata inuwar bangon ta rufe ta. Wannan katangar ce kuma ke kare ta daga iskar hunturu mai busar da toho. Ita ce kuma ke tsare ƙanshin. A fili iska takan kwashe shi kafin ya isa hancin kowa, amma a tsakar gida mai taku goma, gindi ɗaya ya isa a ji shi daga ƙofar ɗaki idan an fito sallar asuba. Har busasshiyar iskarmu tana da ranarta. Cutar da ta fi addabar wardi a Turai ita ce baƙin tabo, wata fumfuna da ba ta iya shiga ganye sai ya zauna a jiƙe kamar awa bakwai. Wata bakwai ko takwas na shekararmu ganye ba ya jiƙewa sai in mai shi ne ya jiƙa shi. Wanda ya zuba ruwa a gindi, bai watsa a ganye ba, ya tsinke ganyen da ya kamu da damina ya kawar da shi, ya gama da mafi yawan abin da ake saye wa magani.

Batun ruwa shi ne ya fi taɓa zuciya, don haka ya kamata a auna shi da adalci. Gindi ɗaya ake magana, a tukunyar da ke cin lita 25 zuwa 40 na ƙasa. Buta ɗaya ko biyu a rana ta ishe shi a mafi yawan shekara, da bazara a ƙara. A gidan da mutum biyar ko shida ke alwala sau biyar kullum, ruwan da ke bin makwarara ya ninka wannan, kuma ruwa ne mai tsabta, ba sabulu. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma haka. Abin da ba a zuba masa shi ne ruwan omo da na wanke-wanke, domin wardi ba ya jure gishiri, sai bakin ganyensa ya ƙone. Dabarar rage shan ruwan kuma a hannunmu take. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda randa cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya kayan miya ba wutar lantarki. Wannan dabarar tana yi wa saiwar wardi aiki, domin abin da ke kashe shukar tukunya a zafi yawanci dahuwar saiwa ce a cikin baƙar roba da rana ta gasa. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ƙasar jigawa da aka gauraya da takin da ya ruɓe sosai, a rufe sama da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku, a ɗora tukunyar kan bulo don gara, a riƙa dubawa. Wanda gidansa ko wannan ruwan ba ya samu, to malamin ya yi gaskiya a kansa, amma shi tattasan ma ba zai rayu a gidan ba, domin bai fi wardi haƙurin ƙishirwa ba.

Ƙwarin da ke damunsa a wurinmu kaɗan ne. Darɓa takan taru a kan sabon toho, yatsa biyu ko ɗan ruwa mai ƙarfi ya kawar da ita. Da zafi akwai wasu ƙananan halittu dangin gizo-gizo da ke zama a bayan ganye su sa shi ya yi fari-fari, maganinsu wanke bayan ganyen da safe, in sun yi yawa a shafa ruwan man darbejiya da yamma. Akuya ce babbar abokiyar gaba, ba ta ganin ƙaya, don haka gidan da ake kiwo sai an kewaye. Ƙaya kuma, ga mai ƙananan yara, dalili ne na zaɓen iri mai ƙarancinta da kuma kauce wa bakin hanya.

Sauran maganar zogale da tattasai. Ba na jayayya da amfaninsu, kuma gidan da ya samu wurin zogale ya shuka. Amma wardin nan filin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba yake ci, kuma babu iyalin da wannan filin zai ciyar ko ya hana ci. Ba zan kuma ruɗi kowa da cewa zai haɗa turare daga tsakar gidansa ba, domin kilo ɗaya na man wardi yana cin tan uku zuwa huɗu na fure. Abin da gindi ɗaya zai bayar shi ne 'yan furannin da za a shanya a inuwa a jefa a shayi ko a sa cikin adakar tufafi, in ba a yi masa feshi ba, da kuma ƙanshi a gida. Abin da ya dame ni a rubutun malamin shi ne zaton da ke ƙarƙashinsa, cewa ƙanshi kayan masu kuɗi ne, talaka cikinsa kawai za a duba. Wannan ba halin mutanenmu ba ne. Matar da ba ta da kujera a ɗakinta tana da kaskon turaren wuta. Ba a kai amarya ba humra. Son ƙanshi sunna ce da kowa ya sani, kuma ruwan wardin Ɗa'ifa na cikin abin da ake gauraya da Zamzam a wanke Ka'aba. Ibn Khaldun ya kawo cewa a zamanin Abbasiyawa lardin Farisa yana aika kwalba 30,000 na ruwan wardi zuwa baitulmalin Bagadaza a cikin harajinsa. Al'ummar da ke ware kuɗi daga cefane ta sayi wannan ƙanshin a kwalba, ban ga dalilin da za a ce mata shukar da ke haifar da shi ta fi ƙarfinta ba. Zancen baƙunta kuwa ba ya tsayawa: mangwaro da darbejiya daga Indiya suka zo, tumatir da masara da rogo da shi kansa tattasan daga nahiyar Amurka, zogalen ma asalinsa Indiya ne. Nahiyarmu kuma tana da nata wardin daji a tsaunukan Habasha da Eritiriya.

Matsalar da ta rage, wadda ita ce ainihin tushen asarar da malamin ya gani a gidajen mutane, ita ce samun irin. Masu sayar da fulawa a bakin titi yawanci da launi suke sayarwa, ja ko fari ko ruwan ɗorawa, ba da suna ba, kuma da yawa daga abin da suke da shi dangin na ɗauri ne, ɗan aure, wanda in reshen gindi ya tsiro daga ƙasan auren sai ya cinye na sama. Mai saye yana da gwaji biyu da ba sa buƙatar sanin sunan Turanci. Na farko ya je da safe ya sa hanci, in bai ji komai ba ya wuce. Na biyu ya fi: ya nemi gidan da wani wardi ya shekara uku ko huɗu a garinsu yana fure, ya roƙi reshe. Tsofaffin ire-iren nan suna kamawa daga yanka. Reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, wanda ya gama fure, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa a yashi mai laima a inuwa, cikin wata ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa, kuma abin da ya tsiro daga gindinsa shi ne dai irin da aka roƙo. Amma bai kamata a bar kowa da lalube ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da tasha a Bagauda ta jihar Kano da kuma Dadin Kowa ta jihar Gombe, duka a cikin zafin da ake jayayya a kansa. Gwaji irin na Texas bai fi ƙarfinta ba, ko na wata kwalejin aikin gona: a tattaro ire-ire ashirin daga gidajen Kano, Zariya, Jos da Maraɗi, a haɗa da Edward da Surkha, a dasa su ba feshi, a auna ruwan da kowanne ya sha har shekara uku, a buga sunayen waɗanda suka tsira da Hausa, a raba wa masu reno rassansu.